Wayar Malam, Wasan Yara da Darasin Kasuwar Terminus

Duk lokacin da gwamnati ko wata ƙungiyar agaji ta tashi shigar da fasahar zamani cikin makarantu, kaya ake fara lissafawa: kwamfuta nawa za a sayo, ɗaki nawa za a gyara, wane ɗan kwangila ne zai kawo. Malamin da zai tsaya gaban yara sai can ƙasan takarda ake tunawa da shi, a layin da aka ware wa bita ta kwana uku. A ganina an kifa lissafin ne. Da malam ya kamata a fara, da wayar da ke aljihunsa yanzu haka, da lokacin da za a ba shi ya koyi aiki da ita. Hujjar da ta fi gamsar da ni kuwa tana tsakiyar Jos, a Terminus.

Ga wanda bai san Jos ba, Terminus ita ce cibiyar cinikin garin. Nan aka gina katafariyar kasuwar zamani a tsakiyar shekarun 1980, wadda gobara ta lashe a Fabrairun 2002. Nan kuma tagwayen bama-bamai suka tashi ranar 20 ga Mayun 2014, suka hallaka sama da mutum ɗari. Duk da haka ciniki bai mutu ba, sai ma ya bazu kan titin Ahmadu Bello da Murtala Mohammed da Rwang Pam, ya miƙa har hanyar Bauchi. A garin da tun rikicin 2001 unguwanni da yawa suka rabu bisa addini, Terminus na cikin wuraren da Birom da Bahaushe da Afizere da Anaguta da Ibo da Bayarabe ke gogayyar kafaɗa kullum, yawanci da Hausa a bakinsu.

Ka tsaya gaban teburin mai gyaran waya na ɗan lokaci. Ga fitila, ga ƙarfen narka dalma, ga tarin matattun wayoyi da ake ciro kayan gyara daga jikinsu. A gefe akwai yaron shago da wata waya jingine da kwalbar ruwa, yana kallon bidiyon wani Ba'indiye ko ɗan Pakistan da ke kwance irin wayar da aka kawo musu. Ba ya jin yaren mutumin, hannunsa yake bi. Ya tsayar da bidiyon, ya gwada, ya koma baya ya sake kallo. In ya tashi ɓalla wani abu, maigida ya ɗago kai ya ce masa ba ta nan ake farawa ba. Kowace shekara sabbin wayoyi na shigowa kasuwa, babu kuma wanda ya taɓa tara masu gyara a otal ya yi musu bita a kansu, amma ba a bar su a baya ba. Abu uku ne suka haɗu a teburin nan: misali da ake gani da ido, aiki na gaske da ake gwadawa nan take, da wani wanda ya fi ka sani yana kusa ya gyara maka. Horon da muke ba malamai yawanci ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun.

Kusa da mai gyaran waya ga mai turi, da tsohuwar kwamfutarsa cike da finafinai da waƙoƙi da wa'azi da karatun Alƙur'ani. Ka miƙa masa waya ko memori, ka biya 'yan canji, ya cika maka. Ga mai caji da janareta ko farantin sola. Su ukun nan sun warware matsalar da ke kayar da manyan shirye-shiryen ilimi: yadda za a kai wa talaka abin kallo da saurare ba tare da ya ƙona data ba, da yadda na'urarsa za ta ci gaba da aiki bayan an ɗauke wuta ko ta lalace.

Abin mamaki, wannan dabarar ta turi tana da tarihi a jami'ar garin. A 1999 wani Ba'amurke mai suna Cliff Missen, daga Jami'ar Iowa, yana koyarwa a Jami'ar Jos ƙarƙashin shirin Fulbright. Ya sha fama da rashin intanet, har ya riƙa sa a kwafo masa shafuka a faifai daga gida. Daga nan aka haifi shirin WiderNet, sannan ɗakin karatun eGranary: a nemi izinin masu shafuka, a kwafe miliyoyin takardu da littattafai da bidiyo a zuba cikin ma'ajiya guda, a ajiye ta a makaranta, kowa ya shiga ta layin cikin gida kamar yana kan intanet alhali ko kwabo ba a biya na data ba. Daga baya an kai irin wannan ma'ajiya makarantu da asibitoci da gidajen yari a ƙasashe masu yawa. Jami'ar Jos ta kuma samu tallafin gidauniyar Carnegie a shekarun 2000, ta shimfiɗa layukan sadarwa, ta koya wa malamanta ɗora darussa a kan kwamfuta. Wato Jos ta riga garuruwa da yawa gane cewa ba sai an jira intanet mai ƙarfi ba. Abin takaici shi ne wannan ilimi ya tsaya a harabar jami'a, bai gangaro makarantun firamaren da ke tsakanin Gangare da Dilimi da Nasarawa Gwom ba.

A maimakon haka, ƙasar ta yi ta bin hanyar rabon na'ura. A 2007 an kai ƙananan kwamfutoci masu launin kore makarantar firamare ta Galadima a Abuja, ƙarƙashin shirin kowane yaro da kwamfutarsa. An yi ta ɗaukar hoto, daga baya labarin da ya fi yawo shi ne na yaran da suka shiga shafukan batsa, shirin kuma bai yaɗu ba. Ƙasar Peru ta rungumi wannan shiri da gaske, ta sayi sama da kwamfuta 800,000. Da Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya auna sakamakon a 2012, bai ga ƙarin komai a lissafi ko karatun yaran ba. A 2013 jihar Osun ta raba wa ɗaliban sakandare allon hannu mai suna Opon Imo, shi ma ya yi tashe ya lafa.

Kenya ta yi abin da ya fi hankali. Kafin ta kashe kuɗi, an gwada hanya uku a yankin Kisumu: a ba ɗalibai na'urar karatu, ko a ba malamai allon hannu, ko a ba jami'an da ke zagayawa suna duba koyarwa. Karatun yara ya inganta a duka ukun, domin duka an haɗa da littattafai da horo, amma bambancin kuɗi ya yi yawa ƙwarai. Hanya mafi araha, wato na'ura a hannun mai zagayen duba malamai, ita aka ɗauka a shirin Tusome da ya game ƙasar daga 2015. Jami'i ya zauna bayan aji, ya bi darasin a allonsa, ya saurari karatun yara biyu ko uku, sannan ya keɓe da malama su tattauna abin da ya gani. Wannan shi ne maigidan da ke ɗago kai a teburin gyara.

To ina wasa ya shigo? Nan ne aka fi samun ruɗani, har a tsakanin malamai. Wasu na jin an ce wasa sai su ɗauka shiririta ce, wai yaro ya zo karatu ne ba wargi ba. Wasu kuma sun ɗauka da zarar an kunna wani abu mai kiɗa da launi yara suna ihu, to an koyar. Duka biyun sun kauce. Amfanin wasa a aji shi ne yana sa kowane yaro ya ba da amsa, har wanda ke ɓuya a bencin baya, ya kuma ba da ita ba tare da tsoron bulala ba. Da haka malam ke ganin abin da ke cikin kawunan yara tun kafin jarrabawar ƙarshen zango ta tona.

A ɗauki aji huɗu mai yara saba'in, malama ɗaya, waya ɗaya. Manhajar Kahoot, wadda aka ƙirƙira a Norway ta fito a 2013, tana da daɗi, amma tana son kowane ɗan wasa ko kowace ƙungiya da na'urarta da intanet. Wannan ba namu ba ne tukuna. Akwai wata mai suna Plickers da ta fi dacewa da halinmu. Kowane yaro ana ba shi takarda mai wani zane baƙi mai gefe huɗu, kowane gefe na nufin amsa ɗaya. Malama ta rubuta a allo: wanne ya fi girma, ɗaya bisa uku ko ɗaya bisa huɗu? Yara su juya takardunsu su ɗaga, ita kuma ta zagaya da kyamarar wayarta kan ajin, nan take ta ga wa ya zaɓi me. Babu wanda ya san amsar maƙwabcinsa, saboda zanen kowa daban ne. Duk wanda ya taɓa koyar da wannan darasi ya san yara da yawa za su ce ɗaya bisa huɗu, tunda huɗu ta fi uku.

Daga nan wayar ta gama nata aikin, saura na malama. Idan ba a horar da ita ba, za ta ce waɗanda suka ci a tafa musu, ta wuce tambaya ta gaba, an yi wasa an tashi. Idan ta san aikinta, za ta tsaya. Ta kira yarinyar da ke taya uwarta sayar da rake a bakin kasuwa, ta ce mata: sanda ɗaya, ku uku za ku raba, ko ku huɗu, a wanne za ki fi samun babban yanki? Yarinyar ba za ta yi kuskure ba, domin ta san wannan tun kafin ta shiga makaranta. Sai a sake tambayar allo da wasu lambobi, a sake ɗaga takardu, a ga ko ta zauna. Ko babu manhajar ma, ana iya yin wannan da takardu masu launi huɗu. Abin da manhajar ta ƙara shi ne ta ajiye sunan kowane yaro da amsarsa, yadda bayan wata guda malama za ta san su wa ke buƙatar a zauna da su daban.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu a koyar ta hanyar wasa. Dara tana koyar da hangen gaba, carafke tana koyar da ƙirga da saurin hannu, kacici-kacici da karya harshe suna wasa ƙwaƙwalwa da baki. Musabaƙar Alƙur'ani, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara shiryawa a matakin ƙasa a 1986, gasa ce mai dokoki da maki da ƙararrawa, ta kuma sa dubban yara hadda da ƙwazon da tsawa ba ta taɓa samarwa ba. Makarantun coci ma sun daɗe da gasar buɗe aya da sauri. Makarantar boko ce ta kori wasa ta bar shi a filin motsa jiki.

Sai dai akwai wasan da nake tsoro, shi ma yana nan a Terminus da kewayenta. Shagunan cacar ƙwallo cike suke da matasa, idonsu a kan allo, ana jiran sa'a. Masu ƙera manhajoji sun san sirrin da ke riƙe mutum a irin wannan wuri: lada da ba a san lokacin zuwansa ba, ƙara mai daɗi in an ci, da jin cewa saura kaɗan. Wasu manhajojin da ake tallatawa da sunan ilimi da wannan dabarar aka gina su. Yaro ya yi ta tara taurari yana canki-canka, bai karanta tambayar ba ma. Ma'aunin da zan ba kowane shugaban makaranta mai sauƙi ne: in yaro zai iya cin wasan ta hanyar dannawa da sauri ba tare da ya fahimci darasin ba, a cire shi. Haka nan allon jera sunaye daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, wanda kullum yara biyar ɗin nan ne a sama, yana kashe gwiwar sauran sittin da biyar. Gara a yi gasa tsakanin ƙungiyoyi da ake sauyawa, ko yaro ya yi gasa da makinsa na makon jiya.

Yanzu mu dawo kan horon malamai, inda ciwon yake. Kowa a harkar ya san yadda bita take. A zaɓi mutum biyu daga kowace makaranta, sau da yawa su ne dai na bara. A zauna a zaure, mai gabatarwa ya karanta abin da ke allon majigi, a ci shinkafa, a sa hannu a karɓi kuɗin mota, a ba da takardar shaida. Ana sa ran waɗanda suka je za su koya wa sauran in sun koma, abin da ba kasafai yake faruwa ba. Akwai bitar koyon kwamfuta da ake gamawa wasu mahalarta ba su taɓa madannai ba. Hukumar UBEC, wadda dokar 2004 ta kafa, tana ware wani kaso na kuɗinta musamman don horar da malamai ta hannun hukumomin SUBEB na jihohi, saboda haka ba a ce babu kuɗi sam ba. Yadda ake kashe su ne abin dubawa.

A ɗaya gefen kuma ana ta matsa wa malami da kwamfuta. Hukumar rajistar malamai ta TRCN da kwamfuta take jarrabawar ƙwarewa tun 2017. JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, WAEC ma ta fara da masu zaman kansu a 2024. Ana neman malamin da bai taɓa samun horo na kirki ba ya shirya yara don jarrabawar da shi kansa take ba shi tsoro. Da Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa a 2017, ta ce 21,780 sun faɗi, ta sallame su. Ko mutum ya goyi bayan matakin ko bai goya ba, jarrabawa aunawa take yi, ba ta koyarwa. Jihar Edo ta bi wata hanya a 2018 da shirin EdoBEST, inda aka ba malamai allon hannu ɗauke da darasi rubutacce kalma bayan kalma, Legas da Kwara suka biyo baya da irinsa. Yana taimakon malamin da ba shi da madafa, yana kuma nuna wa hukuma wanda ya zo aiki. Amma ni ban gamsu a tsaya nan ba. Malamar da aka saba wa karanta rubutu daga allo ba ita za ta tuna da mai sayar da rake ba lokacin da yara suka kauce.

Abin da nake ganin zai yi aiki a Jos ba shi da tsada. Malaman aji ɗaya daga makarantu biyar ko shida da ke kusa su zama ƙungiya, da zaure a WhatsApp da gogaggen malami guda a matsayin jagora. Kowane mako a turo bidiyo na minti biyar, wanda aka ɗauka a aji irin nasu, mai yara saba'in da tagar da ba gilashi, ana koyar da abu guda tak. Kowa ya gwada a ajinsa cikin makon, ya turo muryarsa ko hoton aikin yara ya faɗi yadda ta kaya. Sau ɗaya a wata a haɗu ido da ido, jagora kuma ya riƙa leƙa azuzuwa. Manyan fayiloli ba sai an sauke da data ba: a zuba su a memori, ko a ajiye su a ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ko ma a ba masu turi. Manhajoji irin su Kolibri da Scratch suna aiki ba intanet, dandalin Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta buɗe tare da UNICEF a 2022 kuma kyauta ne. Irin wannan zaure yana da wata riba da ba a rubutawa a takardar kwangila: malama daga Angwan Rogo da malami daga Tudun Wada, waɗanda wataƙila ba sa shiga unguwannin juna, za su riƙa magana kowane mako a kan yadda ake koyar da raba lamba. Ranar da aka sa dokar hana fita, kamar yadda aka yi a Agustan 2021, zaren da ke tsakanin malamai ba zai yanke ba.

Masu yin kayan ma suna gida. Akwai tsangayar ilimi a Jami'ar Jos, akwai manyan makarantun horar da malamai a Pankshin da Gindiri, akwai Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna tun 1976 da cibiyoyin karatunta. Hukumar Finafinai ta Ƙasa da makarantarta a Jos suke, haka kwalejin talabijin ta NTA. Cibiyar nHub, wadda aka buɗe a 2015, ta yaye matasa masu rubuta manhaja. Garin da ya iya shirya fim bai kamata ya rasa mai ɗaukar darasin minti biyar da sauti mai kyau ba, da Turanci mai sauƙi da Hausa, har da Birom ko Ngas inda ake buƙata. Yawancin wasannin ilimi da ke intanet da Turancin Amurka suke, da dala da dusar ƙanƙara. Wasan ciniki da naira da mudu, wanda yaro zai ba da canji a cikinsa, matasan Jos ne za su rubuta shi.

Na san abin da malami zai ce, kuma yana da gaskiya. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun Yulin 2024, a makarantu masu zaman kansu da yawa ko rabin haka ba a biya. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Wayar tasa ce, da guminsa ya saya, in ta faɗi a aji ta fashe ba mai biyansa. Rashin adalci ne a ɗora masa sabon aiki a ce ya yi da datarsa da daren da ya kamata ya huta. Don haka kuɗin data na wata-wata da kuɗin gyaran waya su shiga kasafi a fili, a ware awa guda cikin lokacin aiki don zaman ƙungiya, a kuma lissafa wannan aiki lokacin ƙarin girma. Kuɗin otal da abincin bita guda ɗaya zai riƙe ƙungiyoyi da dama tsawon zango. Dole kuma a kafa doka tun farko: ba a yaɗa fuskar yaro ba da izinin iyaye ba, ba a mayar da zauren wurin tura siyasa da jita-jita, bidiyon malami kuma ba zai zama hujjar ladabtar da shi ba. In malamai suka ji ƙamshin tarko, ba wanda zai sake turo komai.

Kirana ga hukumar SUBEB ta Filato da sakataren ilimi na Jos ta Arewa shi ne su gwada wannan a makarantun da ke kewaye da Terminus na shekarar karatu guda. A auna karatu da lissafin yara a farkon shekara, a sake aunawa a ƙarshe, a kwatanta da makarantun da ba a yi ba, a kuma buga sakamakon kowa ya gani ko da bai yi daɗi ba. Kafin nan, a dakatar da sayen allon hannu na ɗalibai.